Gafakar da Baffa Mahmudu Ya Ɗinka wa Waya

Baffa Mahmudu ƙanen mahaifina ne. Idan ka shiga babbar kasuwar Garwa ta ɓangaren masu yadi, ka gangara layin teloli har inda ƙarar kekunan ɗinki ta fara raguwa, za ka ga wata darbejiya. Shagonsa na nan a gindinta, bango ɗaya da na Madam Georgette mai sayar da rigunan makaranta. Ba shi da allon suna, bai taɓa yi ba. "Wajen Mahmudu mai littattafai" kowa ke cewa, masu Fulatanci su faɗa da nasu bakin, masu Faransanci su faɗa da nasu, kuma duk wuri ɗaya suke isa.

Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Kano. Sun biyo ta Yola da goro da jar fata, suka yada zango a bakin Binuwai a zamanin da jiragen ruwa ke hawowa da damina, daga nan ba su ƙara gaba ba. Kakana baduku ne, gafaka yake ɗinkawa, wato jakar fata da malamai ke sa littafi a ciki su rataya. Baffa ya tashi da basilla a hannu, amma da ya zama saurayi sai ya raina sana'ar. Ya tafi Tuburo bin motocin auduga, ya yi 'yan shekaru, ya dawo da tari da riga ɗaya. Dawowarsa ta zo daidai da lokacin da mulkin ƙasa ya sauya hannu, Garwa ta yi tsit, manyan 'yan kasuwa suna magana ƙasa-ƙasa. Kakana bai yi masa faɗa ba. Matsa masa ya yi a kan buzu, ya miƙa masa basilla.

To, mai sayen gafaka yakan tambayi abin da zai sa a ciki. Baffa ya fara saro littattafai kaɗan-kaɗan daga hannun direbobin Yola, na addini tukuna, sannan na labarai da waƙoƙi. Kafin kakana ya rasu, takarda ta kori fata zuwa lungu.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, sabon littafin makaranta ya gagari talaka. Wannan daga bakin Inna Aisatu matarsa na ji, domin ni lokacin ba a haife ni ba. A nan ne Baffa ya shiga musaya. Idan rantire ta zo, wato komawar yara makaranta a watan Satumba, uwa za ta zo da littattafan ajin bara a ƙulle cikin zane, Baffa ya karɓa ya ba ta na ajin bana, ta ɗora abin da ya sawwaƙa. Waɗanda aka kawo ya zauna ya ɗinke su da zaren dukanci, ya manne bango da ƙaro. Littafin lissafi guda sai ya ratsa gidaje da yawa kafin ya mutu. Ni kaina na yi shekara guda a lise, wato sakandare, da wani da aka rubuta "Zacharie" a cikin bangonsa. Har yau ban san ko wane ne Zacharie ba, na dai san yana son zana babur a gefen shafi.

Abin da baƙo ba zai lura da shi ba a shagon shi ne, kantocin ba don sauƙin nema aka jera su ba, don girma aka jera su. Ƙasa littattafan boko ne na Faransanci, lissafi da kimiyya da sauransu, su ma ba a ƙasa tsirara ba, a kan katako. Sama da su labarai da waƙoƙi. Sama da waɗannan fikihu da nahawu da yabon Annabi. Can ƙololuwa, a kantar da ke dab da kwanon rufi, Littafin Allah ne, babu abin da ake ɗorawa a kansa, kuma Baffa bai taɓa miƙa hannu can ba sai da alwala.

Madam Georgette ta san wannan tsari kamar ita ta kafa shi. Kirista ce, mace mai jiki da murya, tun kafin a haife ni suke maƙwabtaka. Idan Baffa zai tafi salla ba ya rufe shago, yakan leƙa ya ce mata da Fulatanci ga shago nan, ita kuma ta ce, "Je ka, Modibbo, ka roƙa mini ciniki." Modibbo malami ke nan, tsokana ce, don Baffa bai taɓa cewa shi malami ba ne. In mai saye ya zo yana son na ƙasa, ta sayar. In na sama yake so, ta nuna masa benci ta ce ya jira mai shi.

Sai maganar Dawuda. Shi ne ɗan farin Baffa, kuma Baffa mutumin da ne: ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya yi masa doguwar magana. "Yaron nan" yake cewa, alhali yaron nan ya ba talatin baya, da mata da 'ya'ya biyu. Shi ma Dawuda in uban na cikin shago ba ya shiga, a bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe shi ya wuce. Duk wata magana mai nauyi tsakaninsu ta bakina take bi, saboda sunan mahaifiyar Baffa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Dada kuma yake sakewa da ni.

Ciniki bai mutu rana ɗaya ba, zurarewa ya yi ta yi. Da fitina ta tashi a kan iyaka, direbobin da ke kawo littattafai daga Najeriya suka ragu, kaya suka yi tsada. Sannan waya ta shigo. Ɗaliban da ke karatu a zaurukan malamai, waɗanda a da sai su yi wata suna tara kuɗin littafi ɗaya, yanzu wani ya tura wa wani a waya kyauta. 'Yan lise su ɗauki hoton shafi daga na abokinsu. Masu karanta labarai, yawancinsu matan aure, suka koma karantawa a waya suna jiran tuwo ya nuna. Akan yi yini guda babu wanda ya tsaya sai mai neman inuwa. Ga idon Baffa ya fara yana, ɗinki ma da lalube yake yi, sa'ar dai hannu ya riga ya haddace.

Dawuda kuwa wayoyi yake sayarwa a cikin ɗan akwatin gilashi kusa da tashar mota, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. Samun shago a cikin kasuwa ba abu ne na mai ƙaramin ƙarfi ba. Kafin azumin da nake ba da labarinsa, ya same mu ni da Inna a tsakar gida, ya daɗe yana wasa da makullin babur kafin ya yi magana.

"Ki gaya wa Baba ya huta haka nan," ya ce da ni. "Idonsa ba ya gani, ciniki babu. Ya ba ni shagon in zuba waya, ni zan riƙe gidan. Na makaranta a sayar wa masu shimfiɗawa a bakin titi, na addini a raba wa masallatai sadaka. Wallahi ba raini ba ne, ƙanwata. Duk abin da ke cikin shagon nan yanzu yana shiga aljihu."

Inna ta ce, "Maganarka gaskiya ce, ba ta da daɗin ji ne kawai. Amma mutumin nan in ya zauna a gida wata guda, ku fara tambayar kuɗin likkafani."

Na kai saƙon washegari. Baffa na ɗinkin wani littafi, bai ɗago ba sai da ya ƙulle zaren ya cije shi.

"Yaron nan ne ya faɗi haka?"

"Shi ne, Baffa."

"Bai yi ƙarya ba." Ya shafa bangon littafin da tafin hannu. "Ki ce masa na ji. Bayan ƙaramar Salla."

Daga ranar abincinsa ya ragu. Inna ta ce da sahur kunu kawai yake kurɓa ya ture kwano. A shago na sha tarar da shi tsaye yana bin kantoci da yatsa, ba neman komai yake yi ba.

Dawuda ba maƙetaci ba ne, abin ya dame shi shi ma. Da ya je Kuseri saro kaya sai ya dawo da wata babbar waya mai faɗi kamar allon karatu, irin wadda ake kira tabilet, ta hannu ce amma tana aiki. Ya zauna ya cika ta da littattafai, duk irin waɗanda uban ke sayarwa da ma waɗanda bai taɓa gani ba. Ya nuna mini yadda ake buɗa yatsu biyu rubutu ya yi girma.

"Ki kai masa. Ko a gida yake zai yi karatunsa, har ya fi na takarda tunda harafi zai yi masa ɓaro-ɓaro. Ki ce kada ya bari caji ya ƙare ƙaf, batirin ya ɗan tsufa."

Na kai, na nuna masa. Da harafin ya kumbura a gabansa sai ya yi dariya, dariyar farko da na ji daga gare shi cikin makonni. Ya matso da fuska ya karanta layi biyu na fikihu a bayyane. Sannan ya tambaya, "Littafi nawa ne a ciki?"

"Sun fi na shagon nan yawa."

"Har da Littafin Allah?"

"Har da shi."

Ya janye hannunsa a hankali kamar wanda ya taɓa murfin tukunya, ya miƙe ya ɗauki buta.

Da la'asar Malam Brahim ya zo, tsohon abokinsa mutumin Kuseri mai karantarwa a zaure, wanda ya mai da bencin shagon wurin hutawarsa. Baffa ya tambaye shi hukuncin abin. Malam ya juya shi, ya duba bayansa, ya ce, "Malamai sun yi saɓani, Mahmudu. Da yawa sun ce haske ne ba tawada ba, ba laifi a taɓa. Amma dai wanda ya girmama bai yi asara ba."

Duk maganar, ta ƙarshen ce kawai ta shiga kunnen Baffa.

Ya buɗe lungun da ragowar kayan kakana suke, ya zaro jar fatar da ya daɗe yana ɓoyo. Kwana da kwanaki yana ɗinki da lalube. Ya yi wa allon yaron nan, haka yake kiransa, gafaka mai marfi biyu da maratayi, har da ado a gefe, ya huda 'yar kafa a gindi ya daje ta da zare don igiyar caji ta shiga. Duk wanda ya gani ya yaba. Madam Georgette ta ce, "Modibbo, ni da na yi shekaru ina maka gadi ko jakar kuɗi ba ka ɗinka mini ba, sai baƙon jiya."

Ina kuma za a ajiye abin da ke ɗauke da Littafin Allah? Wuri ɗaya ne. Baffa ya taka benci ya ɗora shi a kantar ƙololuwa, inda tsakaninta da kwanon rufi bai wuce taƙi guda ba. A nan kuma soket ɗin shagon yake, kusa da ƙwan lantarki. An ce kada a bari caji ya ƙare, to Baffa ba zai bar abu mai daraja haka da yunwa ba. Ya jona shi, ya bar shi a jone dare da rana. Da safe ya yi alwala ya sauke ya karanta, ya mayar cikin fata, ya rufe marfi biyu, ya jona.

Da Dawuda ya gani da ya hana. Amma Dawuda ba ya shiga in uban na nan, Baffa kuma ba zai tambayi ɗan fari yadda ake riƙon kyautarsa ba. Ko da Dawuda ya fara kawo kwalayen wayoyi da batira yana tarawa a ƙuryar shagon saboda Salla ta matso, sai ya daidaici uban ya tafi masallaci ya shiga da sauri ya ajiye ya fita, kansa a ƙasa.

Azumi ya raba tsakiya, watan Afrilu. Wanda bai san zafin Garwa na wannan lokaci ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Kwalta takan yi laushi, ƙadangare ma inuwa yake nema. Ranar an ɗauke wuta tun safe, aka dawo da ita daidai kiran azahar, bayan Baffa ya leƙa ya ba Madam Georgette amanar shago ya tafi. Ni ina can sama a layin teloli ina rigima da Louis tela kan ɗinkin Sallata.

Ga yadda Madam ta ba ni labari daga baya. Ta ce tana zaune tana fifita sai ta ji ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Ta ce a ranta, wane marar kunya ne ke babbaka da tsakar rana cikin azumi a tsakiyar Musulmi? Ta leƙa layi ba ta ga kowa ba. Ta leƙa shagon Baffa, sai ga hayaƙi yana fita siriri daga kantar ƙololuwa, kantar da ba ta taɓa miƙa wa hannu ba tun da take.

"Na tsaya," ta ce, "ina cewa Georgette, in kin taɓa kin ci amana, in kin bari kasuwa ta ƙone."

Sai ta tuna sandarta mai ƙugiya, wadda take rataye riguna da ita. Ta ɗauko, ta saƙalo maratayin gafakar, ta fizga, igiyar caji ta tsinke. Ta fito da ita a bakin sanda tana hayaƙi, kamar mai fitar da maciji daga ɗaki. A nan ma ba ta yarda ta jefar a ƙasa ba. Da ƙafa ta jawo daron wankinta ta saka a ciki, sannan ta buɗe murya.

Muryar Madam Georgette ba a yi mata lasifika. Kafin in iso layin ya cika. An zuba yashi a daron, abin ya yi tsaki ya yi shiru. Amma kwalin da Baffa ya shimfiɗa a ƙarƙashin kwano don rage zafi ya riga ya kama, jan wuta na cin gefensa a hankali. Wani ya zo da bokiti zai watsa, Louis ya riƙe hannunsa.

"Ruwa a kan littattafai? A fitar da su tukuna."

Nan da nan aka yi layi, hannu zuwa hannu. Teloli, masu yadi, wata mata da ta zo sayen zare da goyo a bayanta. Ba wanda ya ce kada a ajiye a ƙasa, amma ba wanda ya ajiye. Masu yadi suka warware atamfa sabuwa fil suka shimfiɗa a gindin darbejiya, wasu suka kawo dardumar salla, matar nan ta cire mayafinta. Na ƙasa da na tsakiya suka fita. Na ƙololuwa kuwa aka tsaya ana kallon juna, kowa na tambayar wa ke da alwala, ga shi masu alwalar duk suna masallaci.

Sai ga Dawuda a kan babur, wani ya buga masa waya. Ya yi salla a tasha ke nan. Ya yar da babur ɗin a kwance, ya kutsa cikin hayaƙi, ya taka benci.

Louis ya ɗaga murya ya ce, "Dawuda, kayanka na ƙurya, batira ne fa."

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya kwaso na kantar ƙololuwa gaba ɗaya ya rungume a ƙirji har suna taɓa haɓarsa, ya fito yana tari. Wasu samari ne suka ja kwalayensa waje. Aka sa sandar Madam aka yago kwalin rufin, aka tattake shi a bakin ƙofa. Shi ke nan. In don wutar ce, ba ta kai a dafa shayi da ita ba.

Dawuda ya tsaya a tsakiyar layi da kaya a ƙirji. Duk shimfiɗun sun cika da littattafai, kuma waɗannan ba a sa su a ƙarƙashin wani, ba a jera su kafaɗa ɗaya da lissafi. Gumi na zuba masa a ido, ba hannun sharewa. A haka Baffa ya same shi.

Mutane suka buɗa masa hanya. Ya dubi shagon, ya dubi abin da ke shimfiɗe a gindin bishiya, sannan ya durƙusa gaban daron ya tona yashin da yatsa. Gafakar ta ƙone rabi, abin da ke ciki ya kumbura ya tsage. Ɗansa na tsaye kusa da shi, amma ni ya kira.

"Dada."

"Na'am, Baffa."

"Tambayi yaron nan. Waɗanda ke ciki, duk sun ƙone?" Ya shafa ƙonanniyar fatar. "Na ƙona Littafin Allah da hannuna, da azumi a bakina?"

Dawuda ne ya amsa, kai tsaye, abin da ban taɓa ji ya yi ba.

"Baba, ba su ƙone ba. Ko ɗaya."

Baffa bai ɗago ba. "Ga shi ina gani."

"Kwanon ne ya fashe, Baba, ba abincin ba. Suna nan a wayata, suna wayar Malam Brahim, suna wajen dubban mutane. Yau ɗin nan in na sami wata sai in sake zuba su, ba abin da zai ragu."

"Ko wasali?"

"Ko wasali."

Baffa ya sauke numfashi mai tsawo, ya zauna daɓas a bakin benci. Ya yi hamdala a hankali, ya maimaita. Launin fuskarsa ya dawo. Can sai ya ɗago, ya dubi ɗansa, ido cikin ido, a gaban duk kasuwa.

"Kai, tsaya in fahimta. Wuta ba ta cin su."

"Ba ta ci."

"Ruwa fa? Gara?"

"Babu abin da ke taɓa su."

"To ashe su ba su bukatar ɗaki." Ya nuna waɗanda ke ƙirjin Dawuda, ya nuna na kan atamfa. "Waɗannan su ne marasa gata."

Madam Georgette ce ta fara dariya, sai layin ya ɗauka. Dawuda ya dubi abin da ya rungume, ya dubi kwalayensa da ke yashe can gefe waɗanda shi kansa bai tuna da su ba. Ya yi murmushi irin na wanda aka kama.

"Baba, hannuna ya gaji. Ina zan sa su?"

"Inda ka ɗauko su."

Kafin a sha ruwa mun mayar da komai. Baffa na zaune yana faɗin wurin kowanne, Dawuda na kan benci yana jerawa, karo na farko da na ga su biyun a cikin shagon lokaci ɗaya. Aka share toka, aka naɗe atamfofin mutane aka mayar musu da godiya. Da za a rufe, Dawuda ya ɗaure kwalayensa a bayan babur. Ya kira ni gefe, duk da uban na jinsa.

"Ki gaya wa Baba batir ba ya kwana ɗaki ɗaya da takarda. Ni inuwar bishiyar nan ta ishe ni, in ya ba ni aro."

Baffa na kici-kicin sa kwaɗo a ƙofa, ya ce, "Ki ce masa bishiyar ba tawa ba ce, amma zan yi masa magana da ita."

Da muka isa gida Inna ta riga ta ji labari, har da ƙari, an ce mata rabin kasuwa ya tafi. Ta zuba masa kunun gyaɗa. Ya shanye, ya miƙa kwanon a ƙara. Ta dube ni ta gefen ido, ta ƙara masa har ya kusa zuba.

Bayan Salla Dawuda ya kafa teburinsa da akwatin gilashi a gindin darbejiya, da yamma ya kwashe ya kai gida. Ba shago ba ne, kuma na san wani lokaci abin yana ci masa rai, musamman in hadari ya taso yana tattara kaya a guje. Sai dai masu wucewa a layin sun fi na tasha sayen waya, kuma in ruwa ya sauko yana da inda zai fake. Kusa da rantire ya samo wata tsohuwar na'urar buga takardu ya ajiye a shagon Madam. Ɗaliban da idonsu ya gaji da waya, ko waɗanda malaminsu ya ce yana son su riƙa rubuta fassara a gefen shafi, sukan turo masa littafi ya buga, su miƙa wa Baffa ya ɗinke ya yi bango. Ba wani ciniki ne mai yawa ba. Yana dai sa basilla motsi.

Madam Georgette ta sami ladanta. Baffa ya karɓi littafin waƙoƙin cocinta da bangonsa ya rabu, ya yi masa sabo da ragowar jar fatar da wuta ba ta taɓa ba. Kwanakin da yake hannunsa a kanta ta uku ya ajiye shi, ta leƙo ta gani ta ce, "Modibbo, ashe na yi girma haka?" Ya ce, "Sandarki ce ta yi girma, ke kina nan yadda kike."

Ban san shekara nawa shagon zai ƙara ba, Baffa ma bai sani ba. Idonsa na nan yadda yake, ana ta maganar kai shi a cire yanar in an sami hali. Dawuda ya so ya kawo masa wani allon, ya ce a'a, in yana son harafi mai girma zai aiko ni in aro na yaron nan, ya karanta a mayar masa, shi ya san inda ake ajiye irinsu. An sauko da soket ɗin ƙasa, an daina sa kwali a rufi.

Satumbar da ta wuce na je taya shi musaya. Wata mata ta kwance zanenta a kan benci, cikin littattafan da ta kawo har da na lissafi mai baburan Zacharie, bangonsa ya sake rabewa. Na miƙa wa Baffa, ya shafa ƙashin bayansa da yatsa ya gane ɗinkinsa.

"Wannan ya dawo kuma?" ya ce. "Miƙo mini zare, Dada."